Nazarin lamari: ziyarar yini ɗaya daga Agege zuwa tsofaffin gidajen Badagry

Wata makarantar sakandare mai haɗa boko da Islamiyya a Agege da ke Legas ta kai ɗaliban aji biyar ziyarar tarihi Badagry a wata Asabar ta ƙarshen watan Maris. Ɗalibai 42 ne, da malamai 5, da uwa ɗaya daga ƙungiyar iyaye, a motoci uku masu cin mutum 18. A takarda an jera wurare tara. Biyar aka iya gani. Kusan rabin ɗaliban ba su tsallaka ruwa zuwa Gberefu, gaɓar da ake loda bayi a jirgi a da, ba, jiri ya kwashi 'yan mata biyu a kan rairayi, kuma sai bayan ƙarfe tara na dare aka sauke yara a ƙofar makaranta, iyaye na tsaye cirko-cirko. Babu wanda ya ji ciwo, kuɗin da aka tara ma ya isa.

Da aka zauna bita, kowa gosulo ya ɗora wa laifi. Gosulo ya ci nasa rabon, amma ba shi ne tushen matsalar ba. An shirya tafiyar ne kamar za a je wuri guda mai ƙofa ɗaya da tikiti ɗaya, alhali Badagry gari ne da mutane ke zaune a cikinsa, kayan tarihinsa kuma a warwatse suke a hannun masu su daban-daban. Gidan tarihi na Heritage na gwamnatin jiha ne. Tsohon benen 'yan mishan yana hannun cocin Anglican. Gidan Seriki Abass da na Mobee na iyalai ne, jikokin gidan ne ke buɗewa su yi bayani. Tsallaka ruwa kuma harka ce ta masu kwale-kwale. Kowanne da kuɗin shigarsa, da ɗan jagoransa, da yawan mutanen da zai iya ɗauka a lokaci guda. Wanda bai tsara yininsa a kan wannan ba, lokaci zai zube masa a kowace ƙofa.

Safiyar da aka ɓatar

An ce a tashi ƙarfe 7, ba a tashi ba sai 8:40. Dalili biyu ne. Na farko, an bar karɓar ragowar kuɗi da takardun amincewar iyaye sai ranar tafiya, aka tsaya ana buga waya gida-gida. Na biyu, ba a ba direbobi kafin alƙalami ba, ba a kuma ce motocin su kwana a harabar makaranta ba, saboda haka direba na uku ya ga yana da sararin yin lodi ɗaya da asuba kafin ya zo. Shi ma neman abincinsa yake yi, yarjejeniyar ce ba ta ɗaure shi ba.

Daga Agege hanya ta bi Egbeda, Idimu da Igando ta ɓullo Iyana Iba gaban jami'ar LASU, nan ta haɗu da babban titin Legas zuwa Badagry. Sai Alaba Rago, Okokomaiko, Ijanikin, Agbara. Wanda ya wuce Iyana Iba da Okokomaiko kafin bakwai da rabi na safe ya tsira daga mafi munin cunkoson. Wanda ya iso da goma ya tarar da kasuwa ta cika, danfo na lodi a bakin titi. Daga Agbara zuwa gaba kuma shingayen bincike ne, domin titin ne ke kaiwa Seme, iyakar Najeriya da Jamhuriyar Benin. Mota cike da yara a hanyar iyaka dole a tambaye ta, kuma daidai ne a tambaya. Ayarin nan ba su riƙe jerin sunaye ba, wasiƙar makaranta kuma tana motar gaba da ta riga ta wuce. A shinge ɗaya an yi kusan minti 25 ana bayani. Abin da ake buƙata ba shi da wuya: kowace mota ta riƙe kwafin wasiƙar makaranta mai hatimi, da sunayen waɗanda ke cikinta tare da lambobin iyayensu, ɗalibai su sa kayan makaranta, manya su riƙe katin shaida, direba kuma a duba takardunsa tun ana jibi tafiya.

Sun shiga Badagry ƙarfe 12:10, rana tsaka.

Mutum 48 a ɗakin da aka gina don mutum kaɗan

An fara da gidan tarihi na Heritage da ke kan Marina, titin bakin ruwa na garin. Ginin tsohon ofishin Di'o ne na 1863, shekarar da Turawan Ingila suka haɗe Badagry da mulkin mallakarsu na Legas. A ciki akwai sarƙoƙi, hotuna da takardu da ke bin labarin cinikin bayi daga kamu har zuwa hana shi. Wurin ya dace da buɗe ziyara, amma an tura kowa ciki lokaci guda bayan ɗan jagora ɗaya. Goma na gaba suka ji bayani, sauran suka ga ƙeyar juna, zafi ya sa wasu suka zame waje.

A benen 'yan mishan abin ya fi haka. Rabaran C.A. Gollmer na CMS, ƙungiyar mishan ta cocin Anglican, ne ya gina shi, aka kammala a 1845. Shi da Henry Townsend da Samuel Ajayi Crowther sun sauka Badagry a farkon wannan shekarar da niyyar wucewa Abeokuta, hanya ba ta buɗe musu ba sai 1846, Gollmer kuma ya zauna a garin. A sama akwai ɗakin da ake nunawa a matsayin na Crowther, wanda ya jagoranci fassara Baibul zuwa Yarabanci. Matakalar katako ce ƙunƙuntacciya, daɓen sama ma katako ne. Gini ne da ya haura shekara 175 a bakin ruwan gishiri, inda danshi ke ruɓar da itace, gara na ci ta ciki, ƙusa na tsatsa. Masu kula da gidan sun hana a hau gaba ɗaya, kuma sun yi gaskiya. Aka riƙa hawa bakwai-bakwai, sauran na tsaye a rana ba abin yi. Awa ɗaya da kwata ta tafi a wurin da minti 25 ya ishi ƙaramin rukuni.

Maganin wannan lissafi ne kawai. Ɗalibai 42 su kasu uku, 14 kowane rukuni, da manya biyu, ɗaya daga cikinsu mace. Benen, gidan Heritage da gidan Seriki Abass duk a kan layin Marina suke, gidan Mobee ma ba nisa, ana zagayawa da ƙafa. Rukuni uku su fara a wurare uku lokaci guda, bayan minti 35 su yi musaya. A benen, rukunin 14 ya sake kasuwa biyu: bakwai a sama, bakwai a ƙasa suna ganin ɗakunan ƙasa da rijiyar harabar gidan. Motoci kuma su tsaya wuri ɗaya a inuwa. Loda yara 42 a mota da sauke su yana cin minti goma ko fiye kowane karo, don tafiyar da ƙafa za ta yi a minti biyar.

Akwai abin da ya faru a gindin matakalar nan da ya cancanci a tsaya a kansa. Allon gidan da bakin ɗan jagora duk sun ce wannan ne bene na farko a Najeriya. Wani ɗalibi ɗan asalin Katsina ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, to Gobarau fa?" Aka yi dariya, malamin ya ce ya yi shiru kada ya ba da kunya. Yaron shi ke da gaskiya. Hasumiyar Gobarau ta girmi ginin nan da ɗaruruwan shekaru, kuma Bature Hugh Clapperton da ya shiga Kano a 1824 ya tarar da soraye masu matakala. Abin da za a iya tsayawa a kai shi ne, wannan na cikin benaye mafi tsufa da aka yi da salon ginin Turawa a ƙasar, kuma yana nan tsaye. Hakan bai rage masa daraja ba. Malamin da ya san wannan tun daga gida ba zai tsawatar wa yaro ba, ba kuma zai yi jayayya da ɗan jagora a gidan mutane ba. Zai ce a rubuta tambayar, a tattauna a mota.

Maganar coci

A ƙofar harabar benen ne ɗalibai shida suka toge, suka ce ba a gaya wa iyayensu za a shiga coci ba. Gaskiya suka faɗa, domin takardar da aka aika gida "wuraren tarihi" kawai ta ce. Uwar da ta biyo ayari ta ja shugaban tafiya gefe ta ce, "Malam, da kun faɗa mana tun a gida, da kowa ya san abin da ya sa wa hannu." Minti ashirin aka yi ana lallashi, kuma zancen ya biyo ayarin har gida.

Abubuwa uku ne aka cakuɗa a nan, raba su kuwa yana kashe yawancin gardamar. Benen gidan kwana ne na 'yan mishan, ba wurin ibada ba. Wurin tunawa da itacen Agia fili ne a sarari kusa da zauren taron gari. A ƙarƙashin itacen ne Thomas Birch Freeman na cocin Methodist, wanda ya sauka Badagry ranar 24 ga Satumba 1842, ya yi wa'azi, a nan kuma shi da Townsend suka yi bikin Kirsimeti na wannan shekarar. Itacen ya faɗi a 1959, aka kafa ginshiƙi a gurbinsa. Sai na uku, majami'u na ainihi da ake ibada a cikinsu har yau, wato ta St Thomas ta Anglican da babbar majami'ar Methodist mai ɗauke da sunan Freeman.

Hukuncin shiga majami'a don gani ba aikin mai shirya tafiya ba ne. Makaranta na da malamanta na addini, a kai musu tambayar makonni kafin tafiya, abin da suka faɗa a rubuta shi a takardar iyaye tare da sunan kowane wuri da abin da yake, a bar gurbi wanda bai amince ba ya nuna. Ɗalibin da iyayensa suka ce a'a ya tsaya waje da malami ɗaya, ba gori, ba tsokana. Daga waje ma ana ganin tsarin gini, ana jin tarihin makarantar firamare ta St Thomas da ke cikin mafi tsufa a ƙasar nan.

Waɗanda za su shiga kuma a koya musu ladabin wurin kamar yadda muke so baƙo ya kiyaye ladabin masallaci. A nemi izinin mai kula da majami'ar tun kafin ranar. Maza su tambaya ko za su cire hula, don a yawancin tsofaffin majami'un mishan namiji ba ya shiga da hula, mata kuwa lulluɓinsu ba matsala. Ba a ƙetare shingen da ke gaban bagadi, ba a taɓa kayan kiɗa, ba a ɗaukar hoto sai an ce a ɗauka. Lahadi ranar ibadarsu ce, a kauce mata. Asabar ma sau da yawa akwai ɗaurin aure ko jana'iza, shi ya sa ake tambaya tukuna.

Gidan Seriki Abass

Nan ne wurin da ya fi girgiza ɗaliban, kuma nan ne malamai suka fi rasa abin faɗa. Seriki Williams Abass Bayarabe ne daga Joga-Orile a jihar Ogun ta yanzu. An kama shi bawa yana yaro, ya bi hannun iyayengiji biyu da ya ɗauki sunayensu, daga baya ya zama attajiri mai cinikin bayi a Badagry, ya zama Sarkin Musulmin garin, ya rasu a 1919. Kabarinsa na cikin gidan. Gidan kansa jerin ɗakuna 40 ne kewaye da tsakar gida, inda ake tsare bayi kafin jirgi ya zo. Zuriyarsa na zaune a mafi yawansu, an ware kaɗan don baƙi. Ɗakin da ake nunawa ƙarami ne ƙwarai, iska na shiga ta wata 'yar kafa can sama kusa da rufi. Idan mutum goma sha huɗu suka shiga aka turo ƙofa, kafin minti ɗaya numfashi ya fara nauyi. Masu gidan kan ce mutum arba'in ake cusawa a ciki. Sukan kuma nuna laima, tangaran da kwalabe, su faɗi adadin mutanen da aka bayar a madadin kowanne.

Wata ɗaliba ta tambaya, murya ƙasa-ƙasa, "Malama, Musulmi ne ya yi wannan?" Malamar ta ce a bari sai an koma. Ba a koma kan maganar ba.

Wannan shiru asara ce mafi girma fiye da rasa tsallaka ruwa. Amsar gaskiya ita ce e, haka tarihin gidan ya nuna, kuma cinikin bayi ya shafi Turawa masu jirage, da sarakuna da attajiran bakin teku, da masu kamowa daga cikin ƙasa, Musulmi da Kirista da masu addinin gargajiya. Ƙasar Hausa ma ba ta kuɓuta ba, ta kowane ɓangare. An yi bauta a cikinta, dokar da ta kawo ƙarshenta gaba ɗaya a Arewa sai 1936 ta zo. Kuma an kwashi Hausawa da yawa, musamman a yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19, aka gangaro da su tashoshin wannan gaɓa, irin su Legas, Badagry, Porto-Novo da Wida, aka kai su Bahia a Birazil. Can Hausawa suka shirya tawaye a 1807, kuma suna cikin Musulmin da suka tayar da babban boren birnin Salvador a watan Janairun 1835, cikin azumin Ramadan. Ɗalibin da ya ji wannan kafin ya zo ba zai kalli ɗakin a matsayin tarihin wasu ba.

Akwai hanya mai kyau ta koyar da wannan ba tare da zagin kowa ba, kuma Marina ɗin kanta ta tanade ta. Crowther ma yaro ne da aka kama bawa a 1821, jirgin yaƙin Ingila ya ƙwato shi a teku a 1822 aka sauke shi a Saliyo, ya zama bishop a 1864. Yara biyu Yarabawa da aka sayar, gidajensu tafiyar 'yan mintuna tsakani, rayuwa ta kai kowanne inda ta kai shi. A ba ɗalibai labarin biyun su kwatanta. A kuma koya musu bambanta abin da iyali suka gada a baki da abin da aka rubuta a lokacin, ba don a ƙaryata masu gida ba, sai don haka ake karatun tarihi ko'ina.

Wani ƙarin zare da ya kamata malamin tarihi ya riƙe: daga Badagry ne Clapperton ya kama hanya a watan Disamba 1825 zuwa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya rasu a Sakkwato a watan Afrilu 1827. Yaronsa Richard Lander ya dawo ta Badagry, aka zarge shi da leƙen asiri, aka ba shi ruwan guba na rantsuwa a wurin tsafin Vlekete, ya sha ya rayu. Hanyar Badagry zuwa Kano da Sakkwato tsohuwa ce.

A gidan Mobee, inda ake ajiye da mari, sarƙar wuya da ƙarfen rufe baki, ana barin baƙo ya ɗaga sarƙa ya ji nauyinta. Wasu samari suka rataya ta suna ɗaukar hoto suna dariya, sai da dattijon gidan ya ɓata rai. Dokar hoto a irin wannan wuri a yanke ta tun a makaranta. Kuma a tuna gidajen nan biyu gidajen mutane ne. A yi sallama, a gaida dattawa da rusunawa, ba a leƙa ɗakin da ba a nuna ba, ba a ɗaukar hoton matan gida da yaransu.

Ruwa da rairayi

Bayan sallar azahar da cin abinci, ayari ya isa tashar kwale-kwale ƙarfe uku da rabi. Gberefu tsiri ne na yashi tsakanin tafkin da ke gaban gari da tekun Atlantika. Tsallakawa 'yan mintuna ne a jirgi mai inji. Daga nan sai tafiyar ƙafa ta kusan rabin awa a hanyar da aka bi da bayi, a wuce rijiyar da ake cewa ana shayar da su ruwanta don su manta gida, a isa bakin teku inda ake kira wurin da ba a dawowa. Zuwa da dawowa da tsayawa, rukuni ɗaya na buƙatar awa ɗaya da rabi zuwa biyu.

Ba a yi magana da mai jirgi tun farko ba. Jirgi ɗaya aka samu, rigunan ceto 12 ne a cikinsa. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta jihar Legas ta wajabta wa kowane fasinja sa rigar ceto, kuma shugaban tafiya ya yi abin da ya dace da ya ƙi yarda a ɗauki ko mutum ɗaya fiye da adadin rigunan. Sai dai hakan na nufin sawu huɗu. An yi biyu, na uku na shirin tashi hadari ya taso daga teku, iska ta fara kaɗa ruwan, aka dakatar. Ɗalibai 22 da manya biyu suka tsallaka, ɗalibai 20 suka tsaya a gaɓa suna hango su. Ƙarshen Maris farkon damina ne a Legas, hadarin yamma ba abin mamaki ba ne.

Waɗanda suka tsallaka ma sun sha wuya. Yashin ya sha rana tun safe, masu silifas ƙafa ta ƙone, takalmi mai tsini ya riƙa nutsewa. Zafin bakin teku ba irin na Arewa ba ne. Iska cike take da danshi, zufa ba ta bushewa, jiki ba ya hucewa. 'Yan matan biyu da jiri ya ɗauka sun sa hijabi baƙi mai kauri a kan kayan makaranta, ba su karya ba, kuma sun ƙi shan ruwa a hanya don gudun neman bayi. Ruwan ma an bar shi a mota. An zaunar da su a inuwar kwakwa, aka sassauta musu tufafi, aka jiƙa musu fuska da wuya, aka ba su ruwan gishiri da sukari da wata malama ta riƙo a jakarta, suka farfaɗo.

Duk wannan yana warwarewa da abu ɗaya: a fara da ruwa. Da safe tafki a kwance yake, yashi bai yi zafi ba, yara na da ƙarfi, kuma idan jirgi ya yi jinkiri akwai sauran yini a gaba. Gidajen tarihi suna da rufi, su ne na tsakar rana. A aika mutum ɗaya mako guda kafin tafiya ya ga mai jirgi ido da ido, ya ƙirga rigunan ceto da hannunsa, ya duba igiyoyinsu da maɓallansu, a yi ciniki na zuwa da dawowa, a biya rabi sai an dawo a cika. Adadin rigunan shi ne adadin fasinja, ba yawan benci ba. Rigar a sa ta a kan hijabi a ɗaure tamau, a tattare gefen hijabin ciki don kada ya kama wani abu. Babba ɗaya ya fara tsallakawa ya tarbi yara, babba ɗaya ya zama na ƙarshe. A ƙirga kai a shiga, a ƙirga a fita.

Ruwan sha kuwa a lissafa leda huɗu ta fiyawota ga kowane mutum. Da direbobi mutum 51 ne, leda 204 ke nan, jaka 11 tunda kowace jaka 20 ce. Biyu daga cikin huɗun kowa ya riƙe su a hannu zuwa Gberefu. Ruwan alwala daban, jarka biyu masu lita 25, da butoci da tabarmi. Ruwan tsohuwar rijiyar Gberefu ba na sha ba ne. A nemi bayi mai tsabta a cikin gari a nuna wa 'yan mata tun isowa, wannan kaɗai zai sa su sha ruwa.

Teku kuma kallo ne kawai. Igiyar ruwan wannan gaɓar na da ƙarfi, tana jan yashi daga ƙarƙashin ƙafa, ta ja mutum ciki ko da ruwan iya gwiwa yake. Yawancin yaran Agege ba su iya iyo ba. A ja layi a kan busasshen yashi, malami ya tsaya a kai.

Gonakin kwakwar da ke tsirin su ne lambun wannan ziyara, kuma sun isa darasi: yadda itacen ke jure yashi da gishiri, yadda ake hawa, yadda ake fitar da mai. Gonaki ne masu masu su, ba a tsinka, kuma ba a shimfiɗa tabarma daidai ƙarƙashin itace mai 'ya'ya. Topo, inda 'yan mishan Katolika suka kafa zango da babbar gonar kwakwa a 1876, tana cikin jerin wurare taran da aka rubuta, amma ba ta shiga yini ɗaya da Gberefu. Tafiya ce ta daban.

Tsarin da aka amince da shi bayan bita

Kuɗi da takardu a rufe karɓarsu ranar Laraba. Motoci su kwana a makaranta. A yi sallar asuba a can, a karya, a tashi ƙarfe 6. Ana sa ran isa tsakanin takwas da rabi zuwa tara, kai tsaye tashar kwale-kwale, da jirage biyu da aka riga aka kama. A dawo gaɓa kafin sha ɗaya da rabi. Daga nan zuwa ɗaya da rabi zagayen rukuni uku a benen, gidan Heritage da gidan Seriki Abass. Azahar da abinci har biyu da rabi, abincin kuma a taho da shi daga gida a kula, wanda ba ya saurin lalacewa, don ba a samun mai sayarwar da zai sallami mutum hamsin cikin rabin awa. Sai gidan Mobee, ginshiƙin Agia, da majami'a ga waɗanda iyayensu suka amince. La'asar ƙarfe huɗu, a kama hanya nan take. Abin da bai samu ba zuwa wannan lokaci a bar shi. Vlekete an sa ta a matsayin ƙari idan lokaci ya ragu.

An mayar da tafiyar watan Nuwamba, bayan ruwa ya ɗauke. Watannin Mayu zuwa Yuli an cire su gaba ɗaya, domin lokacin ne ruwan Legas ya fi ƙarfi.

Kan kuɗi, farashi na canzawa, don haka wanda aka aika ya dawo da na kowane gida a rubuce, tare da tambayar ko akwai rangwamen ɗalibai da ko kuɗin ɗan jagora na ciki. A riƙe tsabar kuɗi ƙanana a ambulan daban-daban, kowane wuri da nasa, a hannun shugaban kowane rukuni, kada a dogara da tura kuɗi ta waya a bakin ruwa. A ware kashi ɗaya cikin goma don abin da ba a zata ba, kamar faci ko ƙarin sawun jirgi.

An kuma ƙara darasi biyu a aji kafin tafiya, ɗaya na malamin tarihi kan cinikin bayi da zuwan 'yan mishan, ɗaya na malamin addini kan tambayoyin da aka san za su taso. Ɗalibai 20 da ba su tsallaka ba an ba su gurbi kyauta a sawun farko. Batun shiga cikin majami'a kuwa iyaye ba su haɗu a kan ra'ayi ɗaya ba, saboda haka aka bar shi a takarda, kowane gida ya zaɓa wa ɗansa.